Tarabulus, Garin 'Yan Fashin Teku

Ni ɗan Faskari ne, ban taɓa ganin teku ba, iyakata madatsar ruwan Mairuwa. Amma da muka karanta Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka buga a 1934, sai sunan wani gari na bakin teku ya tsaya mini a rai, watau Tarabulus. Can aka kai mahaifiyar Umar tana baiwa, alhali kuwa neman ɗanta da aka sace ne ya raba ta da gida.

Tarabulus tana bakin Bahar Rum, ita ce babban birnin Libiya. A da, nan ayarin raƙuman Kano da Katsina kan sauke fatu da hauren giwa da gashin jimina, har da bayi. Ban da ciniki, sarakunan garin suna da wata hanyar samu, watau fashi a teku. Jiragensu kan tare na fatake, su kwashe kaya, su kama mutane, ba a sakinsu sai an fanshe su. Ƙasar da ke son a ƙyale jiragenta sai ta biya.

Amurka ma ta biya, amma a 1801 Sarki Yusuf Karamanli ya ce a ƙara masa. Da aka ƙi, yaƙi ya ɓarke. A 1803 mutanensa suka kama jirgin yaƙin Amurka mai suna Philadelphia da mutum wajen 300, ba a sake su ba sai 1805, bayan an biya dala 60,000. Fashin bai mutu ba sai da ƙasashe suka daina biya, suka tasam ma masu yinsa.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, wannan labari ba baƙo ba ne gare mu. A Disamba 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga daji da su. Ko a teku ko a daji, sana'ar ɗaya ce: mai da ɗan Adam haja.

Tafawa Ɓalewa ya rubuta na zamanin kakanninsa, shi ya sa har yau muke tausayin wannan uwa. Mu ma mu rubuta abin da ya sami Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, don na baya su sani. Allah ya kawo mana ƙarshensa, amin.