Horon zuciya kafin yankewar jini

Horon zuciya kafin yankewar jini wani yanayi ne da tsokar zuciya ke ƙara jure dogon rashin jini, muddin an riga an tsayar mata da jinin na 'yan mintoci kafin nan. A jikin dabbobi aka fara gano shi, kuma gwaji ya nuna cewa kariyar ta dogara ne ga saƙonnin da ke gudana a cikin ƙwayoyin zuciya. Idan aka katse saƙonnin, kariyar ta tafi.

Tarihi

A shekarar 1986, Charles Murry da Robert Jennings da Keith Reimer na Jami'ar Duke a Amurka suka yi gwaji da karnuka. Sun ɗaure wata jijiyar zuciya minti 5, suka sake ta minti 5, har sau huɗu, sannan suka ɗaure ta minti 40. Naman zuciyar da ya mutu kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na wanda ya mutu a karnukan da ba a yi wa horon ba. Da aka kai ɗaurin awa 3 kuwa, kariyar ba ta yi tasiri ba. Wato horon jinkirta mutuwar naman yake yi, ba ya hana ta ɗungurungum.

Yadda saƙon ke tafiya

Idan jini ya ɗan yanke, ƙwayoyin zuciya kan saki wani sinadari mai suna adenosin. Shi ke tayar da furotin kinas C, wanda ke miƙa saƙon zuwa mitokondiriya, inda ƙwaya ke samar da kuzarinta. A 1991, James Downey da abokan aikinsa suka toshe masu karɓar adenosin a zuciyar zomaye, sai kariyar ta ɓace. Haka ma ɓerayen da aka cire wa wani nau'in furotin kinas C ba sa samun ta.

A 1992, Garrett Gross da John Auchampach suka nuna cewa glibenclamide, maganin ciwon suga da aka fi sani da Daonil a Najeriya, yana hana kariyar a karnuka, domin yana toshe wasu ƙofofin fotasiyam. Wannan sakamakon dabba ne, ba hujjar da mai ciwon suga zai bar magani ba tare da shawarar likita ba.

Kariyar farko kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, sannan ta dawo bayan kimanin awa 24, ta kai kusan kwana uku.

A jikin ɗan Adam

Nan ne lamarin ya yi wuya. Wani gwaji da aka wallafa a 2019, mai marasa lafiya sama da 5,000 a Turai, ya yi amfani da matse dantse da abin awon hawan jini, amma bai rage mace-mace ba. Daga cikin dalilan da masana ke zato akwai cewa dabbobin gwaji galibi matasa ne masu lafiya, alhali tsufa da ciwon suga suna raunana waɗannan saƙonni ko a jikin ɓera.