Zuba Jari a Gidajen Ƙasa Mai Nisa: Misalin Dubai

Mai sayen gida a garinsu yana da ido a kan dukiyarsa, domin ya san dillali, ya san mai unguwa, kuma yana iya taka ƙafa ya duba katanga bayan damina. Amma wanda ya kai jarinsa kasuwa mai nisa ya rabu da duk waɗannan, babu abin da ya rage masa sai dokar ƙasar da hukumomin da ke aiki da ita. Saboda haka abin da ya kamata a fara bincika shi ne ko baƙo yana da ikon mallaka, da kuma wanda zai bi masa haƙƙinsa idan kamfanin gini ya saɓa alkawari.

Dubai, wadda 'yan kasuwar Kano suka daɗe suna zuwa saro kaya, ta ba baƙi izinin mallakar gidaje a wasu keɓaɓɓun unguwanni a 2002. Da yawa daga cinikin da ake yi a can na gidajen da ba a gina ba ne, wato a sayi gida yana kan takarda, a riƙa biya kashi-kashi har a gama ginin. A 2007 aka yi dokar asusun amana, wadda ta wajabta ajiye kuɗin masu saye a wani asusu na musamman, ba a sakar wa kamfani sai gwargwadon aikin da ya yi. Doka ce mai kyau, sai dai tana tsare kuɗi ne daga almundahana, ba ta hana kasuwa faɗuwa, kamar yadda aka gani tsakanin 2008 da 2009, lokacin da farashin gidaje ya karye da kusan rabi, gine-gine da dama suka tsaya cak.

Batun canji ne ya fi cancantar dogon nazari. Tun 1997 dirhami, kuɗin da ake amfani da shi a Dubai, yake ɗaure da dala a kan kusan 3.67, alhali naira, bayan an sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, ta zame daga wajen 460 kowace dala har ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya riga ya biya kuɗin gidansa ya tsira da darajar dukiyarsa, amma wanda yake biya kashi-kashi daga abin da yake samu da naira ya wayi gari nauyin da ke kansa ya ninka uku, ba tare da an ƙara masa ko ɗaki ɗaya ba. Ga kuma kashi 4 cikin ɗari na rajista, da la'adar dillali, da kuɗin kula da gini na kowace shekara, waɗanda ke zaftare ribar haya.

Mallakar gida kuma ba ta tabbatar wa mutum hanyar zuwa wurinsa. Daga Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take cikinta, ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza, don haka mai gidan da ba shi da izinin zama, bai kuma naɗa amintaccen wakili da takardar wakilci ta shari'a ba, ya kasance ba shi da mai tsaya masa wajen 'yan haya ko wajen sayarwa.