Tsarkiyar Hanji a Jita da Gogen Turawa

Tsarkiya, wato zaren da ake ɗaurawa a jikin abin kiɗa domin ya ba da amo, da hanjin tumaki aka daɗe ana yin ta a Turai, saɓanin gogen Hausa da ake ɗaura wa izgar doki. Har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, uku daga tsarkiyoyi shida na jitar Sifaniya na hanji ne, sauran ukun masu kaurin murya kuwa siliki ne da aka naɗe da siririyar waya, kuma Italiya ce ta yi fice a sana'ar, musamman Rum da ƙauyen Salle.

Aikin daga mayanka yake farawa, domin hanjin da ya fara lalacewa ba ya yin tsarkiya. Tun da ɗuminsa ake wanke ƙaramin hanji, a jiƙa shi cikin ruwan toka, a yi ta kankare kitse da yauƙi har sai wata siririyar fata ta rage, wadda kusan dukkanta kolajin ce, wato sinadarin da ke ba jijiya ƙarfi. Daga nan sai a haɗa sili da yawa gwargwadon kaurin da ake so, a tufka su suna jiƙe kamar igiya, a ɗame su a kan katako su bushe a hankali, sannan a goge a shafa mai. Wannan tufka ce ke ba tsarkiyar laushi a yatsa da murya mai zaƙi, amma hanji yana shan danshi da gumin hannu, saboda haka yakan saki ya sauya murya, ya tsattsage, ko ya tsinke ana tsakiyar kiɗa.

Da yaƙi ya sa hanji ya yi tsada da wuyar samu, sai makaɗin Sifaniya Andrés Segovia ya haɗa kai da mai ƙera jita Albert Augustine a New York, wanda ya fitar da tsarkiyar nailan wajen 1947 daga zaren kamfanin DuPont. Araha da ƙarko ne suka ba nailan nasara, ba fifikon amo ba, kuma abin takaici ne a ce makaɗan jita da yawa ba su taɓa jin muryar da makaɗin jita Francisco Tárrega, wanda ya rasu a 1909, yake ji lokacin da yake tsara kiɗansa ba. Masu kaɗa ayyukan mai tsara kiɗa Bach da gogen zamaninsa har yau hanji suke ɗaurawa, suna sake saita tsarkiya tsakanin kiɗa da kiɗa.