Ko Ka Sani? Tazarar Katsina da Jidda a Sararin Sama

Maniyyacin da ya fito daga masarautar Daura, ko daga Mai'aduwa yake ko Zango ko Sandamu, yakan fara tafiyarsa ne da ba alƙibla baya, domin filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa yana Katsina, kimanin kilomita 80 yamma da Daura, kuma sai jirgi ya tashi sannan yake juyowa gabas. Daga wannan fili zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kusan kilomita 3,500, zuwa Madina kuwa kusan 3,600, idan an auna ta hanya mafi gajarta.

Wannan hanya ita ce wadda zare zai bi in aka ɗame shi tsakanin wurare biyu a bayan ƙwarya, kuma tun da duniya mulmulalliya ce, layin yakan fito da ɗan lanƙwasa a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira. Tana bi ta saman Nijar da Chadi da Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya, wato kusan turbar da alhazan dā suka bi da ƙafa da jakuna, wasu cikin watanni, wasu cikin shekaru, wasu ma suka zauna a Sudan har jikoki.

Nisan ba ya canzawa, amma lokacin tafiya yana canzawa, kuma nan ne abin lura yake. Jirgin fasinja yana gudun kimanin kilomita 850 a awa a tsayin da ya kai kilomita 10 zuwa 12, saboda haka tafiyar takan ci awa huɗu zuwa biyar, har da hawa da sauka. Sai dai gudun nan a cikin iska ake yinsa, iskar kuwa ita ma tafiya take yi: da damina iskar can sama a wannan yanki takan taso daga gabas ta rage wa mai zuwa Jidda sauri, da hunturu kuma ta fi tasowa daga yamma ta tura shi gaba. Yaƙi ma yana tsawaita hanya, kamar yadda aka gani a 2023, lokacin da faɗan Sudan ya sa aka rufe sararin samaniyarta a watan Afrilu, jiragen alhazai suka koma zagaye, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗin kujera.

Agogo shi ne ya fi rikita matafiyi, domin Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Jirgin da ya bar Katsina da ƙarfe 12 na rana, ya yi awa huɗu da rabi a sama, zai sauka da ƙarfe 6:30 na yamma agogon Jidda, ga magariba ta gabato alhali agogon hannun alhaji bai kai ƙarfe 5 ba, abin da ya kamata malaman bita su riƙa nanatawa saboda lokutan salla.