Ganga ko gona: taƙaddamar iyalan masu noman inabi a Rioja

A arewacin Sifaniya, a gaɓar kogin Ebro, yankin Rioja ya yi fice wajen jan giyar inabi. Akasarinta ana yin ta ne da irin inabin da ake kira Tempranillo, wanda dubban iyalai ke nomawa a ƙananan gonakin da suka gada kaka da kakanni.

Bunƙasar yankin ta samo asali ne daga annobar da ta faɗa wa Faransa a shekarun 1860, lokacin da wani ƙwaro mai cin saiwar inabi, filoksera, ya halaka gonakinta. Fataken Bordeaux suka kwararo Rioja neman haja, lamarin da ya yaɗa dabarar adana giya cikin gangar katako mai cin lita 225. A kusa da tashar jirgin ƙasa ta garin Haro aka kafa gidan López de Heredia a 1877, kuma har yau zuriyar wanda ya kafa shi ce ke riƙe da shi.

Wannan dabara ce ta zama ma'aunin daraja. Giyar da ake kira Crianza sai ta shekara 2, Reserva shekara 3, kowacce da aƙalla shekara 1 a ganga. Gran Reserva kuwa shekara 5 ce, 2 daga ciki a ganga. Ƙwararrun masu ɗanɗano kan duba launi, su shinshina, su kurɓa, sannan su tofar. Sabuwar giya ja ce mai duhu, da ƙamshin 'ya'yan itace da bauri a harshe. Wadda ta daɗe, launinta kan karkata zuwa na jan bulo, baurin ya lafa, ƙamshin katako ya fito.

Sai dai ƙananan manoma na kukan cewa wannan ma'auni lokaci kawai yake ƙirgawa, bai damu da ƙasar da inabin ya fito ba. Babban kamfani na iya haɗa inabin gonaki da dama ya buga tambarin Reserva, daidai da na iyalin da ke tattalin tsofaffin kurangu a kan tudu. Idan tambari ɗaya ne, da wuya mai saye ya biya ƙarin kuɗin wahalarsu, gonar da ba ta ciyar da gida kuwa 'ya'ya ba sa zama a cikinta.

A ƙarshen 2015 gidan Artadi ya fice daga hukumar da ke kula da sunan Rioja saboda wannan dalili. A 2017 hukumar ta amince da sabon rukuni, Viñedo Singular, na giyar gona guda. Sharuɗɗansa sun haɗa da kurangu masu aƙalla shekara 35, da tsinkar inabi da hannu, da taƙaita yawan amfanin da ake ɗiba. Duk da haka, Artadi bai koma ba.