Kunya da Murɗewar Maraina

Manoman rani na Kura da Bunkure sun san cewa in aka saki ruwan Tiga da ƙarfi cikin busasshiyar magudana, zaizaye ta yake yi. Haka jini ke yi wa ɗan marainan da ya murɗe. Bayan likita ya warware jijiyar, iskar oksijin da ta dawo kan haifar da guba mai lalata ƙwayoyin da ke samar da maniyyi, gwargwadon daɗewar toshewar. Shi ya sa ake son tiyata cikin awa 6. A matsayina na manazarcin harshe, lafazinmu ke damuna: kunya kan sa matashi ya ce "ciwon mara", iyaye su haɗa jiƙo, a kwana. Mu koya wa 'ya'yanmu kiran gaɓar da sunanta, mu garzaya da su asibiti nan take.