Idan Ɓeran Masar Ya Daina Cin Abinci

Ɓeran Masar dabba ce da mutanen tsaunukan Andis, a yankin da ya haɗa da Peru da Bolibiya da Ekwado na yanzu, suka fara kiwo dubban shekaru da suka wuce, kafin fatake su kai ta Turai a ƙarni na 16, inda ta zama dabbar sha'awa a gidaje. A Kamaru da Kwango da wasu sassan Nijeriya kuwa, ana kiwonta domin nama, wasu kuma suna ajiye ta saboda yara. Ko wace manufa aka ajiye shi dominta, lafiyayyen ɓeran Masar ba ya rabuwa da tauna, dare da rana, saboda haka ranar da aka ga ya juya wa ciyawa baya, to al'amarin ya wuce a ce ƙoshi ne ko tsirfa.

Dalilin haka yana cikin yadda aka halicci cikinsa. A mahaɗar ƙaramin hanji da babba akwai wata babbar jaka wadda take ɗauke da fiye da rabin abin da ke cikin hanjinsa, kuma a nan ne ɗimbin ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke narkar da ciyawar da ya ci. Hanjin yana motsi ne muddin abinci mai harza yana shiga, da zarar kuwa ya daina shiga, sai motsin ya ragu, abin da ke ciki ya bushe, iska ta taru, ciki ya kumbura ya yi ciwo, ciwon kuma ya ƙara hana shi ci. Ba ya iya amai, balle ya sami sauƙi ta wannan hanya. A lokaci guda jiki yakan koma ga kitsen da ya tara domin neman kuzari, kitsen ya yi wa hanta yawa har ta kasa aiki, kuma wannan ya fi saurin faruwa ga mai ƙiba da mace mai tsohon ciki, wadda ke goyon ciki na kimanin kwana 59 zuwa 72. Shi ya sa likitocin dabbobi suke ɗaukar awa 12 ba ci a matsayin abin gaggawa, ko da kare ko kyanwa za su iya jure fiye da haka.

Abin da aka fi samu a bayan wannan matsala shi ne haƙori. Ɓeran Masar yana da haƙora 20, dukkansu kuma suna tsiro har ƙarshen rayuwarsa, ba abin da ke rage musu tsawo sai gogar ciyawa. Idan aka shagwaɓa shi da dusa da hatsi da burodi, turamen ƙasa sukan yi tsawo su karkato ciki har su yi wa harshe rumfa, na sama kuma su yi tsini su soki kumatu. Irin wannan dabba tana jin yunwa, takan zo da gudu idan an kawo abinci, ta ɗauki ganye ta juya shi a baki sannan ta yar, ga haɓa a jiƙe da yawu. Mai kiwo yakan ɗaga leɓe ya ga haƙoran gaba lafiya lau ya kwantar da hankalinsa, alhali ɓarnar tana can ciki inda ido ba ya kaiwa sai da na'urar likita, wani lokaci ma sai an sa dabbar barci.

Sai kuma ƙarancin bitamin C. Kamar ɗan Adam, ɓeran Masar ba ya iya haɗa wannan sinadari a jikinsa, dole ya same shi a abinci kullum, kimanin miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinsa, mai ciki kuma ta fi haka buƙata. A kan ɓeran Masar ne ma masu bincike biyu 'yan ƙasar Nowe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka nuna a 1907 cewa rashin wani sinadari a abinci ne ke jawo cutar da ke sa dasashi zubar jini da gaɓoɓi kumburi. Wanda cutar ta kama yakan yi ɗingishi, gashinsa ya yamutse, tauna ta zame masa azaba. Bitamin ɗin da ake sa wa a abincin kanti yana lalacewa cikin kamar wata 3, ya fi saurin lalacewa a wuri mai zafi, wanda ake zubawa a ruwan sha kuma yakan canza ɗanɗanon ruwan har dabbar ta ƙaurace masa. Tattasai marar yaji da ɗan yankin gwaiba da ɗanyen ganye sun fi zama abin dogaro.

Akwai sauran dalilai, kamar ciwon huhu, wanda wani lokaci daga zomaye ake ɗaukarsa idan an haɗa su keji ɗaya, da tsakuwar mafitsara, da ƙari mai ruwa a ƙwan mace. Zafi ma babban abokin gaba ne ga dabbar da asalinta tsauni ne, domin ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24, kejin da aka ajiye ƙarƙashin kwano a watan Afrilu kuwa yana ƙara hatsarin. Haka nan ɓeran Masar yana ƙyamar baƙon abinci, yana kuma iya ƙin ci idan abokin zamansa ya mutu.

Tun da yake dabba ce da ake farauta a daji, ɗabi'arta ce ta ɓoye rauni, don haka mai kiwo ya fi samun gaskiya daga kashinta da nauyinta. Kashin da ya ƙanƙance, ya bushe, ko ya ɗauke gaba ɗaya, alama ce hanji ya fara tsayawa. Baligi yakan kai giram 700 zuwa 1,200, kuma awo a sikelin kicin sau ɗaya a mako yana tona ramar da gashi ke rufewa.

Kafin a kai ga likita, ana jiƙa abincinsa na kanti ya zama kamar kunu, a riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan da sirinji marar allura ta gefen baki, yana tsaye a kan ƙafafunsa don kada ya shaƙe, sai dai idan cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, to ɗura ba ta da wuri sai likita ya duba. Kuskure mafi muni, wanda sauƙin sayen magani a kemis ya sa ya yawaita, shi ne a ba shi ragowar maganin yara. Penisilin da amoksisilin da ampisilin da eritromaisin suna kashe bakteriyar hanjinsa masu amfani, su bar fili ga masu dafi, sai zawo ya biyo baya, kuma sau da yawa dabbar ba ta tashi.